Sunan da bakinmu ya ƙi faɗi

Damana biyu bayan fari sun cinye muna gero, shekarar da anka kafa ƙarfen salula bayan kasuwa, a nan ne abin ga ya faru. Ni ban yi karatun lakwal ba, amma kaina bai zubda lissahi.

Darni guda ya raba ni da wata yarinya ƴar Bonkuku da anka auro garinmu. Inna take ce mini, ni ko in ce mata ɗiyata. Furarta ba ta da na biyu a unguwa. Mijinta kuwa hannu gare shi, kowa ya sani, kowa ya yi shiru.

Ran nan bayan azahar, maza duk suna gona, sai ga ta ta keto darni da cikin wata bakwai, ido guda a kumbure. Na tura ta ɗaki, na sa sakata. Shi ko ya biyo ta da ƙotar hauya, shina dukan ƙyaure.

Tana da lambar da anka ba mata can likita wajen awo, anka ce in abu ya ɓaci a kira, jandarma za su zo. Har yau ban san garin da kiran nan yake faɗawa ba. Sai a kira na uku wani ya ɗauka.

Ya ce, "Wa ya buge ki?"

Ta ce, "Maigida."

"Sunanshi?"

Sai ta dube ni. Mace ta kama sunan mijinta da bakinta, kuma gaban babba? Ta ce, "Baban cikin nan ne."

Ya ce, "Madam, ba a rubuta wannan a takarda."

Na amshe wayar, don ni ba a kada ni a magana. Na buɗe baki, sai na tuna mijin nata takwaran marigayi maigidana ne. Shekara arba'in muna tare, sunan nan bai taɓa hawa harshena ba. Na ce, "Yaro, ka san annabin da kihi ya haɗiye? To shi ne."

Ya ce, "Tsohuwa, aiki nike, ba tatsuniya ba."

Na ce, "Ba ka jin ƙyaure? Ita ce za a kashe, da abin da ke cikinta."

Ya ce zancen iyali ne, a kai ma mai gari, motarsu ma ta fita. Ya kashe.

Na yarda mun yi namu wautar. Amma shi ma kunnuwa biyu Allah ya ba shi, kuma ya ji dukan.

Na ce mata ta shige bayan randa. Na ɗauki taɓarya, na zare sakata, na tsaya bakin ƙofa. Na ce ma mijin, "Dubi hannun ga. Shi ya yanke maka cibiya, ni na yi ma uwarka wankan jego. Bi ta kaina ka wuce." Ya tsaya shina huci. Kafin ya gama shawara matan rijiya sun cika gidan da tulunansu, wata na tambayarshi ko gonar ce ta kore shi.

Da la'asar munka ɗora ta amalanken jaki, na raka ta har ɗakin uwarta. Da watanta ya cika, can ta haihu, mace, lafiya lau, a hannuna.

Bayan suna munka tai wajen alƙali. Ya tambaye ta wa take ƙara. Ɗiyata ta gyara goyo, ta faɗi sunan nan sarai, har da na ubanshi. Ni ce na sunkuyar da kai, ita ko gezau. Da munka fito ta ce, "Inna, ashe ba shi da nauyi." Ranar anka raba auren.

Yau cikin matan rijiya saura mu uku, guda ma ba ta gani. Uwar ɗiyata ta rasu bara. Mutumin na nan, in ya hango ni sai ya sake hanya. Ɗiyata tana tuyar ƙosai ran kasuwar Bonkuku, jikar tawa kuma tana wurina tana lakwal, ita ke danna mini waya in ina son jin muryar uwarta.