Baba Na'Allah, Mai Makullin Tsohon Laburaren Isa

Da an idar da sallar asuba, Baba Na'Allah kan zagaya tsohon ginin laburaren da ke gabashin garin Isa. Ya girgiza kowace taga, ya duƙa ya duba sawun da ke ƙasa. Ko gaishe shi ka yi, sai ya kalli hannunka kafin ya amsa.

Ginin na wata jami'a ne da ta taɓa buɗe reshe a nan. Da 'yan bindiga suka addabi hanya, malamai suka daina zuwa, aka kwashe littattafai zuwa Sakkwato, aka damƙa masa makulli, aka ce za a dawo. Shiru kake ji.

Masu shayin bakin titi shaida ne ranar da wani ya zo da babbar mota, wai an turo shi sauya rufi. Baba ya leƙa bayan motar, ya ga wayam. Ya ce, "In sauyawa za ka yi, ina sabon kwanon?" Mutumin bai ko kashe mota ba ya juya.

Sai zargi ya komo kansa. Me tsoho yake gadi a ginin da ba kowa? An sha ganinsa yana shiga da ƙunshi. Aka fara raɗe-raɗin makamai yake ɓoye wa mutanen daji, kuma a ƙasar nan irin wannan magana ta kai mutane da yawa kushewa. Wata ranar kasuwa 'yan sa-kai suka kewaye shi, babbansu Kassimu ya ce, "Baba, buɗe muna."

"Za ni buɗewa," in ji shi, "amma kowa shi nuna min aljihunai in za shi hita."

Abin da aka tarar: kujeru da teburan karatu a jere, ba ko ɗaya da ya ɓata, sai ƙunshin maganin gara a lungu. Kassimu ya sunkuyar da kai ya fita.

Cikin 'yan kallo akwai Malama Rahmatu, wadda ke karantar da matan ƙauyukan Kamarawa da Turba da suka gudo, a gindin bishiya. Ta roƙi ginin. Ita ma bai yarda da ita ba sai da ya je Sakkwato da kansa, ya ji izinin jami'ar da kunnensa. Yau muryoyin matan ne ke tashi a ciki.

Baba, kai ne aka bar wa amana aka manta da kai, kai kuwa ba ka manta ba. Mun zarge ka, ka yafe mana. Yanzu da ido ya yi rauni ka ajiye aiki, mun gode, Allah Ya saka maka da Aljanna.

Mu kuma da aka ba ajiyar kayan jama'a, a ofis ko a masallaci, in aka ce mu buɗe yau, Allah Ya sa a tarar da irin abin da aka tarar a naka.