Sandar Kurket da Littafin da Aka Ba Ni Ajiya

A shekarun da nake da shagon kafinta a Unguwar Kanawa, akwai Indiyawa da yawa masu koyarwa a makarantun sakandare. Ba mu da wata hulɗa da su sai ta aiki: su kawo kujera a gyara, ko su ce a yi musu kantar littattafai. Ina da shekara ashirin da biyar a lokacin, ban cika shekara da aure ba. A aji uku na bar sakandare, don haka ina jin Turanci daidai gwargwado. Shi ya sa in Ba'indiye ya shigo layinmu, sauran kafintoci sukan nuna masa ƙofata.

Wata Asabar da hantsi wani malamin lissafi ya zo a kan babur, siriri, mai furfura a gefen kunne, da 'yarsa a baya. Ya kwance wani abu daga cikin tawul ya ɗora a kan bencina. Katako ne mai kama da allo amma ya fi shi tsawo da kauri, yana da zagayayyen mariƙi. Ya tsage daga ƙasa har tsakiya.

"Za ka iya yin irinsa?" in ji shi.

"Na mene ne, Malam?"

"Na kurket."

Ban taɓa jin kalmar ba. Ya ɗauki abin da hannu biyu, ya tsaya a karkace a tsakiyar shagon, ya nuna mini yadda ake tare ƙwallo da shi. Ya ce daga ƙasarsu ya zo da shi, kuma ya fara koya wa 'yan ajinsa wasan a filin makaranta sai ya fashe. Na ɗaga shi, na ji ba shi da nauyi ko kaɗan. Na ce zan gwada.

Yarinyar ba ta kalle mu ba. Ba za ta wuce shekara goma sha ɗaya ba. Tana sauka daga babur ta sami wata kujera da ban gama ba, ta zauna, ta buɗe littafi.

Na farko da maɗaci na yi shi, don shi na fi yarda da shi. Ya yi kyau, amma da malamin ya kaɗa shi sau biyu sai ya ajiye yana murza wuyan hannu. Na biyu da malaina na yi. Nauyinsa ya yi daidai, sai dai a bugu na uku mariƙin ya rabu da jikin. Sai a lokacin na zauna na warware zaren da ke naɗe a mariƙin tsohon, na ga ba katako ɗaya ba ne. Siraran sanduna ne aka haɗa da roba a tsakani, aka cusa su cikin wata yanka a jikin katakon. Na sayo kwagiri a kasuwa, na yanko roba daga tsohon tubun keke.

Aikin ya ɗauki kusan wata biyu, kuma duk Asabar suna zuwa. Malamin yakan tsaya kusa da benci yana ba ni labarin 'yan wasan ƙasarsu. Akwai wani gajere da ya ce yakan wuni a tsaye gaban ƙattin da ke jifa da ƙarfi kamar harsashi, ba ko hular kariya a kansa, kuma su gaji su bar shi. Akwai wani da ke murza ƙwallo da yatsu, ta faɗi nan ta tashi can. Akwai shekarar da suka je Ingila ba wanda ya ɗauke su a bakin komai, suka dawo da kofi. Wannan ya ba ni shi ya fi sau biyar. Duk sanda ya zo wurin da kyaftin ɗinsu ya yi gudu da baya ya cafe ƙwallo, sai shi ma ya ja da baya har ya taka tarin ɓawon katako.

Ban gane rabin abin da yake faɗa ba. Ban gane yadda za a yi kwana biyar ana wasa ɗaya a tashi ba wanda ya ci ba. Ina dai goga da samfefa ina cewa, "To, Malam."

Daga baya na lura ba ni kaɗai yake wa labarin ba. Yakan ɗaga murya, ya saci kallon yarinyar. Ita kaɗai ce gare shi. Ita kuwa sai ta juya shafi.

Ranar da na gama na uku, ya kaɗa shi, ya buga ƙwallo a bango, ya yi murmushi. Ya miƙa mata ƙwallon ya ce ta fito waje ta jefa masa ko sau shida. Ta ce bari ta gama babin. Ya sake magana, ta sake ba shi amsa ɗaya. Sai suka koma harshensu. Bai yi tsawa ba. Ya zare littafin daga hannunta, ya rufe, ya miƙo mini.

"Riƙe wannan har ta gama jarrabawa. In yana gida, ba ta taɓa littafin lissafi."

Na ce, "Malam, ni fa ba na son shiga tsakanin uba da 'ya."

"Ajiya ce kawai."

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta kakkaɓe siket, ta ce da ni, "Akwai shafin da na lanƙwasa. Kada ka miƙe shi."

Kwana uku littafin yana saman kanta kusa da gwangwanin ƙusa. A rana ta huɗu aka yi ruwa tun azahar, ba mai shigowa, sai na sauko da shi. A bangon an zana kwalekwale da wani ƙaton tsuntsu. Labarin wata yarinya ce mai kiwon awaki. Kogin garinsu yakan juya ya koma baya rana ɗaya a shekara, kuma duk wanda ya bi shi a ranar zai isa wata ƙasa inda tsuntsaye ke yin shari'a. Ƙanenta ya bi kogin, ita ma ta bi sawunsa a shekara ta gaba. Tun da na bar makaranta ban karanta wani abu da ya wuce takardar odar aiki ba. Na yi ta tuntuɓe da kalmomi. Na aro ƙamus wurin maƙwabcina mai gyaran rediyo, nakan yi shafi huɗu ko biyar a rana.

Matata ce ta fara tambaya, da ta ga ina shigowa da shi gida bayan la'asar. Na ce tatsuniyar Turawa ce ta yara.

"To ba ni mu ji," in ji ta.

Ita makarantar allo ta yi, ba ta yi boko ba. Na riƙa ba ta da Hausa tana tsintar shinkafa, iyakar inda na kai a ranar. Inda ban gane ba nakan tsallake, ita kuwa takan kama ni. "A'a, tsaya. Ya aka yi ta haye dutsen, ba ka ce ƙafarta ta karye ba?" Dole in koma in duba.

Bayan jarrabawa suka zo karɓar littafin. Yarinyar ta duba shafinta, ta ga yana nan a lanƙwashe. Ta kuma ga ɗan ɓawon katako da na sa a can gaba da nata.

"Ka karanta?"

"Na karanta. Ki yi haƙuri."

"Wa ka fi so a ciki?"

Na ce tsohon mai kwalekwale. Ta ce ai maci amana ne, zan gani a littafi na biyu, ita wannan maimaita shi take yi. Na ce matata ma haka ta ce tun farko. Sai ta gyara zama ta shiga yi mini tambayoyi kamar mai duba makaranta. Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka ba. Malamin yana tsaye da makullin babur a hannu yana kallonmu. Can ya ce, "Ashe kai ma." 

Asabar ta gaba ta kawo mini na biyu, shi kuma ya gayyace ni filin makaranta in ga aikina. Na je. Yara kusan ashirin ne, ga sanduna uku an kafa a ƙasa. Ya ba ni sandar bugun da na yi masa ya ce in tsaya. Ya jefo a hankali, na kai bugu da ƙarfi kamar mai faskare, ƙwallon ta wuce ta kada sandunan. Yaran suka yi ta dariya. Sau huɗu ina kuskurewa, a na biyar na same ta, ta yi sama ta faɗa gonar masarar mai gadi. Mariƙin bai motsa ba, abin da na zo dubawa ke nan. Yarinyar tana zaune a gindin dalbejiya da littafi. Da za a tashi ta jefa wa babanta ƙwallo sau shida, ba tare da ya roƙa ba, sannan ta koma ta zauna.

Haka muka yi kusan shekara. Na yi masa wasu sandunan bugu guda biyu. Wani lokaci yakan zo da ƙaramar rediyonsa ya saurari wasa a shagona, don ya ce a gida ba mai tayawa. In sun yi nasara yakan sayo tsire ya ba yaran layi, shi da ba ya cin nama. In an ci su yakan kashe rediyon ya tafi ba sallama.

Sai darajar naira ta faɗi, Indiyawan makarantu suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Aikin da na yi masa na ƙarshe akwatunan katako ne guda huɗu na ɗaukar kaya. An ƙayyade musu nauyi, ya ce wa yarinyar ta zaɓi littattafan da za ta ɗauka. Labarin mai awaki littafi biyar ne. Na karanta uku, na huɗun yana hannuna. Ta bar mini duka huɗun, ta tafi da na biyar, don ita ma ba ta gama shi ba. Ta ce za ta aiko mini. Na rubuta mata akwatin gidan waya na mai gyaran rediyo. Ba abin da ya zo, ban kuma yi mamaki ba. Yarinya ce, ga sabuwar makaranta, ga nisa.

Yaran makarantar sun ci gaba da kurket na zango ɗaya, sannan suka koma ƙwallon ƙafa. Na nemi littafi na biyar wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi, har na sa wani direba ya duba mini a Zariya. Ba a samu ba. A maimakonsa na sayi wasu, nakan sayi ɗaya duk wata in akwai hali.

Na huɗun ya ƙare ne an gurfanar da yarinyar gaban kotun tsuntsaye, ba a yanke hukunci ba. Matata ta jira wata uku, sannan ta ce ita ba za ta bar 'yar mutane a tsaye ba. Ta ƙarasa labarin da kanta. A nata, alƙalin gauraka ne, ya saki yarinyar da ƙanenta bisa sharaɗin su bar akuya ɗaya, suka dawo gida a ƙafa, uwarsu ta yi musu faɗa sannan ta ba su tuwo. Da shi ta yi renon 'ya'yanmu shida. Babbarmu sai da ta shiga jami'a ta san cewa ƙarshen ba a littafi yake ba.