Gurbin Rijiya

A shekarar da sojoji suka riƙe mulki ana jiran zaɓe, ina aikin shigar da sunaye a wani ƙaramin buro a Gidan Rumji. Damina ta yi gardama, dabbobi na faɗuwa, aka ce za a raba wa makiyaya dusa. Sharaɗi ɗaya ne: sai sunanka ya shiga ordinatar, wato kwamfuta.

Takardar da ke fitowa a allon tana da gurabe, suna, yawan shanu, gari. Garin kuwa zaɓa ake yi cikin jerin da aka shirya, in ba ka zaɓa ba ta ƙi wucewa.

Wani dattijo Bafillace ya zo daga wajen Cadakori. Shanu bakwai suka rage masa.

"Baffa, wane gari kake?"

"Ɗiyata, ni ba ni da gari. Rijiyar da muke shayarwa dai kowa ya san ta."

Na kasa shigar da shi. Kullum sai ya dawo ya zauna gindin itacen bedi, bai taɓa ɗaga murya ba. Hakan ya fi zagi ciwo.

Na san inda gyaran yake. Wanda ya kafa mana na'urar ya taɓa nuna mini wani ɗan fayil na rubutu zalla. Takardar ba ginanniya ba ce, duk safiya daga wannan fayil take karanta kanta: ga gurabe, ga wanda yake dole, ga inda amsar kowanne za ta je ta zauna a ma'ajiya. Ya kuma ce kada in kuskura in taɓa. Shef ɗinmu, shugaban ofishin, shi ma ya maimaita, har da nuna yatsa.

Kwana huɗu ina jin tsoro. Rana ta biyar na buɗe. Na cire dolen da ke kan gari, na ƙara layi uku, na ɗaure sabon gurbi da wani wurin ajiya da ba a amfani da shi. Na kashe, na kunna. Sai ga shi ƙarƙashin gari: rijiya. Kafin la'asar layin makiyaya ya kai bakin hanya.

Shef ya dawo daga Maraɗi ya gani, ya hau faɗa.

"Wa ya ba ki izini? Ke injiniya ce?"

"A'a, shef. Goge shi in kana so. Amma duk sunayen da ke ɗaure da shi za su ɓace, kai za ka hita ka hwaɗa musu."

Ya leƙa taga, ya daɗe yana kallo. Ya rubuta mini takardar gargaɗi, gurbin kuma ya bar shi.

Da na kira dattijon, na karanta masa abin da zan rubuta, shanu bakwai.

"Sa shida, ɗiyata. Guda ta kwanta shekaranjiya."

Har yau ban yi nadamar taɓa fayil ɗin ba. Kwana huɗun nan ne ban yafe wa kaina ba.