Sallamar da Na Koya wa Guntu

Shekara biyu na yi ina fama da wani ɗan guntun lantarki da ake kira FPGA, wanda faɗinsa bai kai akwatin ashana ba. Irinsa babu abin da ya iya sai abin da ka tsara masa. Aikin digirina na biyu shi ne in koya masa ya ɗauko fayil daga wata kwamfuta ta igiyar waya, shi da kansa, ba tare da wata manhaja ta riƙe masa hannu ba. Akwai ƙa'idar da ake bi: ya nemi izini, ya jira amsa, ya faɗi fayil ɗin da yake so, sannan a buɗe masa.

Da na lura, ai gaisuwa ce kawai irin tamu ta Kudan. Sai na raɗa wa matakan sunayen Hausa a cikin tsarin. Na farko sallama, na biyu jiran_amsa, har zuwa sai_anjima. Idan guntun ya maƙale, kallo ɗaya nake yi in gane inda ya tsaya.

Taubashina, ɗan goggona na Makarfi, ɗakin gwaji ɗaya muke. Shi ya fi kowa dariyar sunayen.

"Ɗan ƙauye," yakan ce, "saura ka koya masa tambayar ya gona."

Ni ma ban bar shi ba, ina ce masa mai shan rake a aji. Haka muka taso. Ya sha ɗauke min hula ranar sallah, ni kuma na taɓa tafiya da takalminsa daga ƙofar masallaci. Tsakanin taubasai ba a fushi, kowa ya san wannan.

Da ciwon mahaifiyata ya tsananta na koma gida wata uku. Na ba shi filas ɗin kwamfuta da na kwafe duk aikina a ciki ya ajiye, don kada kwamfutata ta lalace in rasa komai. Da hannuna na ba shi, har ina godiya.

Na dawo, malamina ya kira ni ofis ya juyo min da allon kwamfutarsa. Takarda ce da aka gabatar a wani taro, sunan taubashina a sama shi kaɗai. Duk matakan an mai da su Turanci, amma a hoto na huɗu, can ƙasa, jiran_amsa na nan zaune, ya manta bai goge ba. Malam ya ce ya yarda da ni, sai dai aikin da ya riga ya fita da sunan wani ba zai zama na digirina ba, sai in an kai ƙara an bincika. Ƙara kuwa tana nufin korar ɗan goggona.

Mun haɗu a wani suna a Ikara. Na same shi a gaban Goggo, na faɗi abin da ya yi.

"Haba," ya ce yana murmushi, "tsakanina da kai? Wasa ne fa."

Goggo ta dafa kafaɗata. "Ɗana, kai da taubashinka? Tun kuna yara kuke ɗauke wa juna kaya. Ka yi haƙuri, don Allah."

Ita ta yi jinyar mahaifiyata tare da ni. Na dube ta, na yi dariya. Har yau wannan dariyar ta fi satar ci min rai, kuma ban yafe wa kaina ita ba.

Ban kai ƙara ba. Na sake wani aiki, na ƙara shekara ɗaya da rabi.

Yana zuwa Kudan gaishe da mahaifiyata. Idan ya yi sallama ina amsawa, don haƙƙinsa ne. Sai ya tsaya yana jiran sauran gaisuwar, ni kuma in ci gaba da abin da nake yi.