Jan Zare a Safar Lele

Shekara goma sha huɗu Mai Guga ta yi a tsaye bayan teburi ɗaya, a shagon wanki da ke ƙasan benen da suke haya. Sana'ar ta koya mata abu biyu: fitar da karin wando kamar bakin wuƙa, da rashin yarda da mutane. Mai kaya zai rantse lafiya lau ya kawo rigarsa, alhali ƙunar sigari tana jiki tun daga gida. Shi ya sa ba ta karɓar riga sai ta juya ta ciki da waje, ta laluba aljihu, sannan ta soka ɗan zare mai launi a bayan wuya don kada kayan wani su shiga na wani. Mijinta, direban babbar mota da ba ya kwana uku a gida, yakan ce shi ma in ya dawo sai an duba wuyansa an ga zare.

Sai da ta shekara tara da aure ta samu haihuwa, 'ya mace, kowa Lele yake ce mata. Shago kuwa ba wurin jariri ba ne, ga tururi ga wayoyin wuta. Sai ta kai ta hawa na biyu, sama da nasu, wurin Inna, tsohuwar da rabin matasan layin a cinyarta suka yi haƙora. Lele ta saba da ita har in aka zo ɗaukarta sai ta maƙale wa tsohuwar a wuya, abin da yake yi wa uwar ciwo, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba.

Da yarinyar ta fara tsayuwa ne abin ya taso. Wata yamma Mai Guga ta kashe dutsen guga, ta hau sama, ta kama ƙafar 'yarta, sai ta ji ta kamar an ciro ta daga firji. Tafin hannu ma haka. Washegari haka, jibi haka. Amma ranar hutu, da yarinyar take wuni a hannunta, ba ta jin wannan sanyin. Ruwa dai ba ya tsami banza. Ko tsohuwar tana yasar da ita a kan tayil ta tafi hira? Ko da ruwan sanyi take mata wanka don ƙyashin kunna risho? Har maganin sa barci sai da ya zo mata a rai, ta shinshina bakin yarinyar a kan matakala.

Ta tambayi Inna sau ɗaya, a kaikaice. Inna ta ce yaro ƙarami haka yake, jininsa bai gama sanin hanyar yatsu ba. In dai yana ci, yana wasa, ƙirjinsa da ɗumi, a kwantar da hankali. Abin tsoro shi ne jiki ya yi zafi ƙafa ta yi sanyi, yaro ya yi laushi ko leɓensa ya canja launi, wannan kam sai asibiti ba jira. Mai Guga ta ce to. A ranta kuwa ta ce mai laifi ba ya rasa bayani, ta sha jin irinsa a bakin masu kaya.

Sai ta yi abin da ta iya. Kowace safiya ta sa wa Lele safa mai kauri, ta ɗinke bakin safar da ƙafar wando da jan zare, soka ɗaya tak ta ciki inda ido ba zai kai ba. Kowace yamma ta tarar safa na ƙafa, zare babu. Wato cirewa ake yi, in an ji motsinta a mayar. Kwana tara tana tara hujja, tana gaida tsohuwar da murmushin da bai wuce leɓe ba.

A rana ta goma ta bar zannuwan wani otal a kan teburi da tsakar rana, ta cire takalmi, ta hau a sanɗa. Ƙofa a buɗe take. Ga Lele ba safa, tana dafa kujera tana taku a kan bargon da aka shimfiɗa, Inna na zaune a ƙasa da hannu biyu a bayanta kada ta faɗi. Mai Guga ta sure 'yarta, ta damƙi ƙafar, ta ce a zo a ji, wannan ƙafar mai rai ce?

Inna ba ta tashi ba. Ta ce: "Maman Lele, taɓa hannuna."

Ta taɓa, sanyi ƙalau. Inna ta ce ta taɓa kujerar da ita tsohuwar ta tashi daga kai ɗazu, ita ma sanyi. Ta ce ta taɓa kuncinta na kanta. Mai Guga ta taɓa, ta ji fuskarta kamar ta wata.

"Hannun da ya wuni riƙe da dutsen guga, me zai taɓa ya ji ɗumi? Sa leɓenki a ƙeyarta."

Ta sa. Ɗumi lafiyayye, har da ɗan gumi. Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya. Sai a lokacin Mai Guga ta tuna ranar hutu ba ta guga. Kunya ta kama ta har ta rasa inda za ta ajiye idonta.

Inna ta ce safa santsi take sa mai koyon tafiya, shi ya sa take cirewa, ta mayar da yamma saboda iskar matakala. Sannan ta miƙa hannu saman taga ta ɗauko kwalin ashana, ta buɗe. Guntayen jan zare ne a ciki, goma har da na ranar.

"Idona ya daina zura allura, 'yar nan, amma yana ganin ja. Kullum ina jira ki tambaye ni baki da baki. Shekara talatin ina riƙon 'ya'yan mutane, ba a taɓa yi mini alama kamar kayan wanki ba. Zan ƙarasa miki makon nan, sai ki nemi wadda kika yarda da ita."

Mai Guga ta ba da haƙuri a ranar, ta koma washegari, mijinta ma da ya dawo ya hau ya durƙusa. Inna ta ce ta yafe har ga Allah, amma hannunta ba zai ƙara sakewa da yarinyar ba, mai reno kuwa in tana ɗari-ɗari a nan take yar da ɗa.

Yanzu can ƙarshen layi ake kai Lele, wani gidan reno mai yara ashirin, inda ba wanda ya san da wane kunne take kwanciya. Kowace safiya in sun fito, yarinyar takan ja hannun uwarta zuwa matakalar sama, uwar ta ja ta zuwa ƙasa. Kwalin ashanar da Inna ta bar mata yana nan a gefen teburin guga, kusa da allura.