Kwallin Inna

Kwallin da Inna ke sa mana tun muna jarirai dutse ne, mai nauyi, mai sheƙi, a kasuwar Cadawa take sayo shi. Ita ke niƙawa ta ɗura a tandu. Mu bakwai ta haifa, duk da shi muka buɗe ido, har autanmu da karatun lakol ya gagara.

Da na tafi karatu ƙetare, malaminmu ya ce kowa ya kawo dutsen garinsu. Garinmu Gidan Sori kuwa ina dutse? Rairayi ne iya ganinka. Sai na tuna guntun kwallin da Inna ta cusa mini a jaka.

Aikin ba wuya. A niƙa dutsen ya yi laushi, a tura garin cikin na'ura. Haske irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi ya buge shi ya tarwatse, tarwatsewar ce ke nuna yadda ƙwayoyin dutsen suka jeru. Takarda ta fito da tsinaye kamar haƙoran zarto. Malamin ya yaba jerin, ya ce tsaf yake. Sannan ya ce dalma ce da farar wuta, in wanke hannu kafin in ci abinci. Na ce to. Kwallin na idona a lokacin.

Bayan shekara biyu na haihu a gida, mace. Ana gama yi mata wanka Inna ta fito da tandu. Na san dalma na taɓa ƙwaƙwalwar jariri, kuma na san Inna.

Na ɗauko takardar na yi mata bayani. A juye ta riƙe ta.

"Wato niƙan kwalli kika tafi koyo har can?"

"Inna, guba ce ga yaro."

"Ke da aka sa miki, ba ga ki da karatu ba?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ɗiyata ce, ba za a sa mata ba." Ban taɓa gaya mata magana irin wannan ba, har yau tana ci mini rai.

Ran suna mata suka yi ta tambayar abin da ya hana a yi wa jaririya kwalli. Ina ɗaki ina ji. Inna ta ce, "Ni na hana."

Da la'asar ta shigo karɓar jikarta. Idonta fari fat ba kwalli, ban taɓa ganinsa haka ba. Ta zauna da ita a cinya, sannan ta ce, "Auta fa? Takardar ta faɗi wani abu a kansa?"

Na ce, "A'a, Inna. Dutse kawai ta sani."

Ta ce to, ta ci gaba da jijjiga yarinyar.