Luguden Inna Kulu

Duk wanda ya san Ma'aruf ɗan Tafashiya ya san shi da kunne. Allah ya jiƙansa, za ka goya shi a babur kana ba shi labari, sai ka ji yana buga bayanka da yatsu, ashe hankalinsa ya tafi ga ƙarar sarƙa. In ka ce, "Kana ji na kuwa?" sai ya ce, "Ina jin ku, ku biyun."

Ba gidan makaɗa ya fito ba. Mahaifinsa manomi ne, gero da dawa da 'yar gyaɗa, ya rasu tun Ma'aruf na firamare, ya bar shi da mahaifiyarsa Inna Kulu da ƙanwarsa Safiyya. Da ya gama sakandare ya samu zama a wata rumfar cajin waya a Kankiya, kuma a nan abin ya fara. Akwai ƙaramar Nokia mai tocila wadda ake danna lambobinta a tsara ƙarar kira. Kowa wasa yake da ita, shi kuwa sai da ya sa ta yi amon kalangu. 'Yan acaba suka riƙa layi a rumfar, kowa na son wayarsa ta yi kuka irin na Ma'aruf.

Daga baya wani mai kiɗan biki ya yar da tsohuwar piyanonsa, haƙoranta uku sun mutu. Ma'aruf ya ɗauko ta ya raɗa mata suna Mai Giɓi. Da ita ya koyi kiɗa, yana tsallake haƙoran da ba sa magana, har tsallaken ya zame masa hannu. Ko bayan ya samu lafiyayyen kaya, da ka ji kiɗa ya ɗan yi tsalle inda ba ka zata ba, ka san nasa ne.

Kwamfutarsa 'yar gwanjo ce, murfinta a karye, ɗaure da robar tayar keke. Kwana uku ya yi a Kano yana tsaye bayan wani mai studiyo yana kallon yadda ake aiki da manhajar haɗa kiɗa da suke ce wa Furuti. Turancinsa bai kai ya karanta abin da ke ciki ba, sai ya haddace komai da launi da mazauni. Ya kama ɗaki a bayan shagon wani tela, ya manna kwalayen ƙwai a bango, ya jingina tsohuwar katifa a ƙofa, ya ɗaura safa a gaban makirufo. Wuta kuwa, batirin mota ne da falan sola ɗaya. Studiyon ke nan kaf.

Gangunan da ke zuwa cikin kwamfuta ba su taɓa gamsar da shi ba. Yana cewa ba su san rana ba, ba su san yunwa ba. Sai ya riƙa yawo da waya yana ɗaukar sautin maƙera, da na masu sussuka, da na guga in ta faɗa rijiya, ya dawo ya yayyanka ya jera.

Ana gobe ɗaurin auren Safiyya, mata suka taru daka a gidansu. Inna Kulu ce gwanar lugude a unguwar. Su uku a turmi ɗaya, tana cilla taɓarya sama ta tafa sau biyu ta cafe. Ma'aruf ya ajiye waya a gindin turmin. Can taɓarya ta kusa kufce mata, ta tuntsire da dariya, ta ce, "Ɗan nan, ɗauke abinga kada in dake shi!" Da damina ta zagayo ta kwanta kwana huɗu, Allah ya yi mata rasuwa. Ba ta bar hoto ko ɗaya ba, don ba ta yarda a ɗauke ta. Wannan minti uku da wayar ta ɗauka shi ne abin da ya rage.

Shekara biyu yana gina kiɗa a kan wannan sautin. Turmin ya zama ganga, tafin ya zama amshi, Mai Giɓi na bi a hankali, dariyar kuma ya bar ta yadda take bai taɓa ta ba. Mawaƙa da yawa da suka ji labarinsa sun roƙa ya hana. In kewa ta kama shi sai ya rufe ƙofa ya kunna. Mu da ya taɓa kunna wa ba mu wuce biyar ba.

Ana shirin zaɓe wani mawaƙi daga Kusada mai suna Manu ya zo ɗaukar murya. Irin mawaƙan nan ne da sai kwamfuta ta miƙe musu murya kamar yadda ake miƙe lanƙwasasshiyar ƙusa. Suna cikin aiki aka kira La'asar. Ma'aruf ya ce su tafi masallaci, Manu ya ce ai shi matafiyi ne, ya riga ya haɗa da Azahar. A nan wajen ba a korar baƙo daga shago don za a je salla, ba a kuma kulle shi a waje kamar ɓarawo. Ma'aruf ya bar shi da kwamfuta a kunne ya tafi gai da Ubangijinsa. A cikin raka'a huɗun nan Manu ya soka filashinsa a kwamfutar ya kwashe kiɗan Inna Kulu.

Bayan mako biyu, ranar kasuwar Kusada, Ma'aruf na tsaye wurin masu gishiri sai ga mota da lasifika huɗu a ka. Tun daga nesa ya gane turmin. Da ta matso ya ji abin da aka ɗora. Zambo ne na siyasa, baiti bayan baiti ana cin mutuncin uwar wani ɗan takarar kansila, tsohuwa da ke kwance tana jinya a Kafin Soli. Kuma duk inda aka ƙare ashar, nan aka dasa dariyar Inna Kulu. Matar da ko kaza ba ta taɓa zagi ba, ga ta nan tana ƙyaƙyata wa zagin uwar wani a tsakiyar kasuwa.

Ya tarar da Manu a inuwar darbejiya da mutanensa suna cin tsire.

"A'a, Injiniya!" in ji Manu. "Ka ji aikinmu? Wallahi ya karɓu."

"Manu, muryar uwata ce."

"To ai na sani. Da tana kulle cikin kwamfuta, yanzu har Maraɗi an san ta. Kai da za ka yi mini godiya?"

Wani daga cikinsu ya lashe yaji a yatsa ya ce, "Amma fa tsohuwa ta iya dariya."

Ma'aruf bai daki kowa ba. Ya juya ya kama hanyar Tafashiya.

Abin da ya fi ci masa rai yana gida. A Tafashiya kowa ya gane dariyar. Tsofaffi suka fara cewa ɗan Kulu ya sayar da uwarsa ga 'yan siyasa. Safiyya ta zo har studiyo da goyonta, ba ta ko zauna ba, ta ce, "Yaya, mi suka ba ka?" Ya rantse mata, ta yarda, amma gari fa?

Ya bi masu turin waƙa a waya, rumfa rumfa, daga Kankiya zuwa Kusada, yana roƙon su goge. Wasu suka goge a gabansa, yana juya baya suka sake karɓa daga maƙwabci. Ruwan da ya zube a rairayi ne. Da ya ga haka sai ya yi abin da ya rantse ba zai yi ba. Ya tsayar da Safiyya gaban makirufo ta ce, "Wannan luguden Kulu ta Tafashiya ne, ranar dakan aurena. Ba ta zagi kowa ba. Wanda ya ji ya yi mata addu'a." Ya ɗora a farkon kiɗan na asali, ya raba wa masu turi kyauta. Ya kuma je Kafin Soli ya durƙusa gaban tsohuwar da aka zaga ya kunna mata. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "Wagga ta iya daka. Allah shi jiƙanta."

Zambon ya mutu da zaɓen. Na Ma'aruf shi mata ke sawa a gidan biki har yau, kuma tsofaffin Tafashiya sun janye maganarsu. Sai dai shi bai ƙara kunna shi ba. Ya ce da ya ji dariyar, kunnensa ke kawo masa ashar ɗin da ya gabace ta. Bara ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ya tafi bai cika shekara arba'in ba.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida, mata na dakan gumba a ciki, sai ga Manu da babbar riga. Ya shafa fatiha, ya tambaya ko an san inda kwamfutar take. Can ya miƙe kamar zai kama ruwa, ya raɓa jikin zana, ya ɗaga waya sama saitin turmi.

Dakan ya tsaya cak. Muryar Safiyya ta fito daga ciki: "A gaya ma mai wayan nan, ba mai ɗaga taɓarya sai ya bar ƙofar gidanga."

Ya yi 'yan dube-dube, ya tura wayar aljihu, ya nemi takalmansa. Sai da ƙarar babur ɗinsa ta ɓace aka ci gaba da daka, ba cilli, ba tafi. Allah ya haɗa ka da Innarka inda ba mai taɓa muku ita, Ma'aruf.